Lambar Zinaren Kanti: Me Ake Saya Idan An Ce "Gold Medal"?

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da makarantu ke gasar inta-haus, babu hajar da ke tafiya a shagunan kayan wasanni kamar lambar yabo mai igiyar ratayawa. Za ka tarar da su rataye a ƙusa uku-uku, rawaya da fara da mai duhu-duhu, sauran kuma suna cikin kwali, kowace a 'yar ledarta. Malamin wasanni ya shigo ya ce, "Alhaji, a ba ni gwal talatin, silba talatin, buronz talatin." Mai shago ba ya tambayar karat nawa ake so, shi ma malamin ba ya mamakin sayen "gwal" a kuɗin da ko ɗan kunnen jaririya ba zai saya ba. Dukansu sun san abin da suke nufi, ko da ba su taɓa zama sun fayyace shi ba.

Kalmar Turancin da ake bugawa a rasit da jikin kwalin ita ce "gold medal". Rabin farko zinariya, rabi na biyu lambar yabo ta ƙarfe. Amma a bakin masu harshen, ma'anarta kyautar wanda ya zo na ɗaya. Matsayi take faɗa, ba ma'adinin da aka ƙera ta da shi ba. Shi ya sa mai sharhin wasanni ke iya yar da kalma ta biyu ya ce "she won gold", kamar yadda gidajen rediyonmu ke cewa "ta ci zinare". Wanda ya ci ana ce masa "gold medallist", da l biyu a rubutun Ingila wanda makarantun Najeriya da Gana ke bi, da l ɗaya a na Amurka. Ba a cewa "golden medal". Wannan "golden" ɗin wurinsa daban, irin su Golden Boot na wanda ya fi zura ƙwallo, ko Golden Eaglets, 'yan wasanmu na ƙasa da shekara 17. Abin dariyar shi ne "golden", mai launin zinare, ita ce ta fi faɗin gaskiya game da abin da ke rataye a shago, amma nahawu bai ba da wannan damar ba.

Kada kuma a ɗauka 'yan kasuwa ne kaɗai suka raba sunan da ƙarfen. A gasar Olamfik ta farko ta zamani, a Athens a 1896, azurfa aka ba wanda ya zo na ɗaya, da reshen zaitun. Tsarin zinare da azurfa da tagulla ya fara ne a St. Louis a 1904, kuma rabon da a ba da lambar da zinariya ce zalla tun gasar Stockholm ta 1912. Ƙa'idar yanzu ita ce jikin lambar ya zama azurfa mai tsarkin aƙalla kashi 92.5 cikin 100, a lulluɓe ta da zinariyar da ba ta gaza giram 6 ba, faɗinta kada ya gaza milimita 60, kaurinta milimita 3. Ta Paris a 2024 nauyinta giram 529, faɗi milimita 85, a tsakiya an dasa gutsuren ƙarfe mai giram 18 daga hasumiyar Eiffel. Yi lissafi: giram 6 cikin 529 bai wuce kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin 100 ba. Ke nan abin da 'yar Najeriya Chioma Ajunwa ta rataya a Atlanta a 1996 bayan dogon tsallen mita 7.12, da wanda su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi suka dawo da shi Kaduna bayan doke Ajantina da ci 3 da 2, azurfa ce da ruwan zinare. Lambar da za a kira zinariya da gaske sai irin ta kyautar Nobel, mai karat 18.

To idan ta Olamfik ke nan, ta kanti fa? Babu zinariya a jikinta ko ƙwayar zarra, kuma wannan ba aibi ba ne. Aibin yana wasu wurare huɗu ko biyar da yawancin masu saye ba sa dubawa sai ranar rabon kyauta, lokacin da babban baƙo ya ɗaga lamba igiyar ta rage a hannunsa ƙarfen ya faɗi ƙasa.

A fara da jikin. Wadda ta fi yawa a kasuwa mai faɗin milimita 50 ce, da zanen ganye ko taurari a kewaye da wani ɗan rami a tsakiya inda ake manna tambari. Kusan dukansu daga Chaina suke zuwa, kuma iri biyu ne suka mamaye. Akwai ta zubi, wadda ake yi da tutiya da aka haɗa da alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100. Haɗin yana narkewa ƙasa da digiri 400, sai a tura shi da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe. Zanenta yana fitowa da zurfi, kana shafawa kana jin tudu da kwari. Akwai kuma ta bugu, wadda ake yanko faifan baƙin ƙarfe a danna masa zane da inji. Ta fi siranta, zanen bai da zurfi, bayanta sau da yawa yana nuna alamar bugun. A ido cikin leda kusan ɗaya suke. Mayen ƙarfe ne ke raba gardama: ya kama, baƙin ƙarfe ce, bai kama ba, tutiya ce ko alminiyam ko roba. Duk wanda zai sayi lamba da yawa ya je da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar sifika ne.

Nauyi ma yana magana. Faifai mai faɗin milimita 50 da kaurin milimita 3, idan sumul yake ba zane, zai yi kusan giram 40 a tutiya, 46 a baƙin ƙarfe, 50 a gaci, 16 a alminiyam. Da zinariya ce da ya haura giram 110. Zane da ramin tsakiya suna rage wani abu, don haka ta tutiya mai kyau za ta faɗo ƙasa da 40 ɗin kaɗan. Wadda aka ce maka milimita 3 ce amma sikeli ya nuna giram 20, an ci kaurin, milimita 2 ce ko ƙasa. Yaro ɗan firamare ba zai damu ba. Ɗan sakandare da ya yi tseren mita 1500 a rana zai ɗaga ta a tafin hannu ya ji kamar murfin kwalba, kuma fuskarsa za ta nuna.

Akwai ta roba da aka yi wa feshin ƙyalli. Ka ƙwanƙwasa ta da farce, ƙararta a mace take. Ta bikin 'yan nazare ce, ba ta wuce nan ba.

Abu ɗaya da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, launuka ukun nan ƙarfe ɗaya ne daga mazubi ɗaya. Ruwan da aka yi musu ne kawai ya bambanta. Saboda haka babu dalilin da zai sa a tsawwala kuɗin rawayar fiye da sauran biyun; wanda ya yi maka haka sunan ya sayar maka.

Ruwan nan shi ne rayuwar lambar, kuma a nan masana'antu ke rage tsada. Yadda ake yi a ƙa'ida: a goge ƙarfen ya yi santsi, a wanke maiƙon jikinsa tas, a tsoma shi a yi masa shimfiɗar jan ƙarfe da lantarki, a bi da nikel, sannan launi. Na "zinare" gaci ne, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya irin wanda maƙeran Bida ke aiki da shi, sai dai a nan shafi ne da ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Na "azurfa" yawanci nikel ɗin ne aka bari. Daga ƙarshe a rufe da wani shafi marar launi mai kama da banish ɗin kafinta, wanda shi ke hana iska da gumi taɓa gacin. Matan da suka saba sayen sarƙar fashon sun san labarin: ranar farko ba ka bambanta ta da ta Dubai, bayan biki biyu wuya ya yi kore.

Kowane mataki da aka tsallake yana da irin tabon da yake bari. Ƙananan ƙuraje a fuskar lambar, kamar fenti ya kumbura, alamar zubin yana da ramukan iska ne, ruwan wanki ya maƙale ciki, daga baya ya tura shafin sama. Farce na taɓawa sai ya ɓare. Ɗigo-ɗigon baƙi na nufin shafin ƙarshe bai rufe ko'ina ba. Kore-kore a inda lambar ke taɓa fata aikin gishirin gumi ne a kan jan ƙarfe. Ita kuwa ta baƙin ƙarfe, tsatsa tana fara mata ne daga hudar zobe, domin nan ne shafin ya fi siranta kuma nan ne zobe ke goga kullum. Da rani ba za ka ga komai ba. Damina ɗaya a cikin akwati ko jikin bangon da ke tsattsafo, sai jan tabo ya biyo igiyar. A Kano ko Zinder za ta daɗe fiye da a Kumasi ko Duwala, saboda danshin iska. Kuma kada a ce ƙaramar masana'anta ce kaɗai ke wannan kuskure: bayan gasar Rio ta 2016 an mayar da lambobi fiye da 100 saboda tabo da ɓarewa, bayan ta Paris ma 'yan wasa da dama, musamman masu tagulla, sun nuna nasu sun dafe cikin ɗan lokaci, har gidan buga kuɗin Faransa da ya ƙera su ya ɗauki nauyin sauyawa.

Shafi iri biyu ake samu, mai ƙyalli kamar madubi da mai dishi-dishi wanda aka shafa wa baƙi a cikin kwarin zanen don ya yi kamar tsohon abu. Mai ƙyallin ya fi ɗaukar ido a hoto, amma kowane zanen yatsa da ƙarcewa yana fitowa. Mai dishi-dishin ya fi jure wahala. Sai dai a lura da wata matsala: a wasu kwalaye launin zinaren da na tagullar sun yi kusa da juna ƙwarai, a tsakar rana a fili mai riƙe da faranti ba ya bambancewa, sai na uku ya tafi gida da ta na ɗaya. A jera ukun a fito da su hasken rana kafin a biya. Idan sai ka ƙura ido kafin ka raba su, ka sauya.

Sai zobe, wanda a ra'ayinmu shi ne mafi raunin abin gaba ɗaya. Ɗan zoben wayar da ke haɗa lambar da igiya ba a walde yake ba, bakinsa a haɗe kawai yake. Idan wayar ba ta kai milimita ɗaya ba, yaro ya yi tsalle biyu don murna ta buɗe. A nemi mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5, ko mafi kyau mai naɗi biyu irin na makulli. Idan an riga an sayi mai rauni, a zauna da filaya biyu kwana ɗaya kafin taro a matse kowane ɗaya. Yadda ake yi shi ne a murɗa bakin gefe da gefe har ya haɗu. Wanda ya ja shi waje sannan ya dawo da shi ya lalata zagayen, ba zai ƙara rufuwa daidai ba. Kunnen da zoben ke shiga shi ma a duba shi. Tutiya ba ta lanƙwasa, karyewa take yi, don haka siririn kunne ba ya tsira idan lambar ta faɗi a kan siminti. Lambar da ke da faffaɗar kafa a sama, wadda ake zura igiyar kai tsaye a ɗinke, ta kauce wa duk wannan. Ta fi tsada kaɗan, ba a cika samunta a ƙananan ba.

Igiyar da ke zuwa da su faɗinta kusan milimita 22 ne, tsawonta santimita 80 zuwa 90 idan an warware. Tsawon nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Mai santimita 80 tana wuce kan yaro ba matsala, amma ga ɗaliba mai hijabi, ko malama da ta ɗaura ɗankwali, ko dattijo da hula, sai an yi ta kokawa a gaban jama'a ana neman tuɓe masa hula. A ɗauki mai 90. Ga 'yan nazare kuma 90 ɗin tana kai musu har cibiya, a rage zuwa 70. Launin da ke zuwa a kwali sau da yawa ja da fari da shuɗi ne, na wasu ƙasashe. Kore-fari-kore, ko ruwan lemo da fari da kore na Nijar, sai an tambaya. A jiƙa farin ƙyalle a goga a jikin igiyar: idan launi ya fito, to zai fito a farar rigar makaranta ranar da aka yi gumi. A duba mahaɗin kuma, ɗinki ne ko ƙusar sitefula. Sitefula tana tsatsa tana kuma yagar wuya. Bakin da ke zarewa, ɗan wutar ashana ya ishe shi, domin igiyar zaren roba ce.

Wannan ya kawo wata tambaya da iyaye da malaman Islamiyya kan yi, tunda an san hukuncin sanya zinariya da alharini ga maza. Dangane da abin da ke kanti dai, babu ɗaya daga cikin biyun: ƙarfen tutiya ne ko baƙin ƙarfe da shafin gaci, igiyar kuma roba ce duk da sheƙinta. Maganar wadda aka yi wa ruwan zinariya na gaske, irin ta manyan gasanni, wannan ta malamai ce.

Tambarin tsakiya: lamba mai milimita 50 yawanci raminta milimita 25 ne, mai milimita 70 kuma 50. A auna ramin da rula kafin a je wurin mai buga sitika, don akwai masu saɓawa, kuma sitikar da ta fi ramin da milimita ɗaya gefenta zai tashi. Takardar da aka buga da ƙaramar firinta ta ofis ba ta aiki, gumi na taɓa ta tawadar ta bazu. A yi ta roba, in da hali a zuba mata ruwan nan mai daskarewa ya yi tudu kamar gilashi. Shi ma yana da aibinsa, yana komawa rawaya idan ya daɗe a rana, amma ya fi komai da ake samu a nan kusa. Kafin mannawa a share ramin da auduga da sifirit a bar shi ya bushe, a danna sitikar da babban yatsa na 'yan daƙiƙoƙi. A lokacin hunturu a yi aikin a ɗaki a rufe. Ƙurar da ba ka gani ita ke hana gam kamawa. Tambarin makaranta mai littafi da alƙalami da fitila da taken Turanci a kewaye ba ya karantuwa a milimita 25, a cire taken a bar hoton da gajeren suna. Kuma a ba mai bugawa asalin zanen, irin fayil ɗin CorelDRAW da suke aiki da shi, ba hoton da ya bi ta WhatsApp sau uku ba.

Rubutun baya shi ne inda Turancin ke kayar da mutane. Injin leza iri biyu ne: wanda ke yanka katako da roba ba ya cin ƙarfe, sai ɗaya nau'in da masu shi ke kira faiba. A tambaya tun farko. A sani kuma leza tana ƙone shafin ta shiga ƙarfen, don haka a kan ta baƙin ƙarfe rubutun ne zai fara tsatsa. Ga wani dalilin zaɓen tutiya. Filin rubutu a bayan mai milimita 50 bai wuce layi uku ko huɗu ba: sunan makaranta, wasan, matsayi, shekara.

Kurakuran kusan iri ɗaya ne kowace shekara. "Gold Metal" maimakon "Gold Medal", domin a kunne kusan ɗaya suke, kuma kwamfuta ba za ta ja masa jan layi ba tunda ita ma kalma ce. Haka "Model" da "Meddle". Sai "1th, 2th, 3th" maimakon 1st, 2nd, 3rd. Sai mai inji ya saita layi ɗaya ya buga "Gold Medal" a kan duka kwalin, har da na azurfa da na tagulla. Wanda ya fi ko wane rikita mutane shi ne "runner-up". Ba na ɗaya ba ne. "Winner" ko "Champion" shi ne na ɗaya, mai zinare. "First runner-up" na biyu ne, mai azurfa. "Second runner-up" na uku, mai tagulla. Kalmar "first" ɗin ce ke yaudara, har a buga ta a bayan rawayar. Mafi sauƙi a rubuta 1st, 2nd, 3rd a huta. Ba lallai ba ne ma a rubuta "Gold Medal" a jikin lambar, launinta ya riga ya faɗa.

Masu son rubutun Hausa, "Na Ɗaya" ko "Gwarzon Shekara", su tabbatar salon haruffan da aka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba akwati zai fito a wurin harafin, ko a buga "Na Daya". Na musabaƙa da bikin sauka kuma, Larabci yakan wargaje a wasu manhajojin zane, haruffa su rabu ko su juya daga hagu. Malami ya duba samfurin farko da idonsa kafin a ci gaba. Shawararmu kada a sa aya a jikin lamba. Yara suna shiga ko'ina da ita a wuya, kuma tana faɗuwa ƙasa. Dokar dai ɗaya ce ga kowane harshe: a rubuta kalmomin a takarda, a sa hannu, a buga guda ɗaya a gani, sannan a saki sauran. Leza ba ta da abin gogewa.

Lissafin adadi ma yana ba da kunya. A ce makaranta tana da wasanni takwas na mutum ɗaya-ɗaya, maza da mata, manya da ƙanana: 8 sau 2 sau 2, saiti 32. Tseren miƙa sanda guda huɗu, kowane na mutum huɗu: saiti 16, ba 4 ba, nan ne aka fi mantawa. Jimla saiti 48, wato lamba 144. A ƙara kashi 10 cikin 100, saiti 5, saboda masu lahani da kuma kunnen doki. A tsalle ana yin canjaras. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ɗan Katar Mutaz Barshim da ɗan Italiya Gianmarco Tamberi sun raba zinare a tsallen sama, aka ba da zinare biyu babu azurfa. Idan akwai dambe ko taikwando ko judo ko kokawa a tsarin gasar duniya, tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji. Ƙwallon ƙafa kuma a ƙirga 'yan benci da koci, ba 11 kaɗai ba. Rarar a bar bayanta ba shekara, don ta yi amfani baɗi.

Mai son lamba ta musamman, mai siffar tambarinsa, sai ya ba da oda a yi masa mazubi. Ana biyan kuɗin mazubin sau ɗaya, masana'antu kan nemi oda ta fara daga guda 50 ko 100, aikin kan ɗauki mako biyu zuwa uku, ban da jigila. Tarkon shi ne sabuwar shekarar Chaina tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe na makonni, daidai lokacin da makarantunmu ke bukata. Wanda gasarsa ke Fabrairu ya ba da oda tun Nuwamba. Idan lokaci ya ƙure, masu leza na gida suna yanka lamba da roba mai kauri ko katako cikin kwana ɗaya ko biyu, kowace siffa ake so. Tana da kyau a hoto, ba ta tsatsa, amma ba nauyi, kuma tana tsagewa ta wurin huda idan ba a bar aƙalla milimita 4 tsakanin hudar da baki ba.

Wajen adanawa, abin da ke gyara tasar gaci shi ke kashe lambar kanti. Toka, tsamiya, lemon tsami, soson ƙarfe, man goge ƙarfe, duk suna cinye shafin, cikin minti ɗaya rawayar ta koma fara. Turare ma haka, sinadarin cikinsa yana narkar da shafin ƙarshe. Busasshen ƙyalle mai laushi bayan an cire ta daga wuya ya wadatar. A raba su kada su riƙa gogar juna, a jefa 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Cizon lamba don hoto, wanda 'yan wasa ke yi saboda masu ɗaukar hoto sun roƙa, a kan tutiya haƙori ne zai ji jiki.

Hukuncinmu a kan hajar: ta tutiya mai milimita 50, kauri 2.5 zuwa 3, shafi mai dishi-dishi, ta cancanci kuɗinta ga firamare da sakandare da gasar unguwa, muddin an sauya zoben ko an matse shi, an kuma yi sitikar roba. Ga wasan ƙarshe na kofin ƙaramar hukuma ko musabaƙar jiha, mai milimita 50 ta yi ƙanƙanta a ƙirjin babban mutum, a hau zuwa 70 mai faffaɗar kafa. Ta baƙin ƙarfe ba ma ba da shawararta sai idan kuɗi ya yi matuƙar ƙaranci kuma ba za a yi mata rubutun leza ba. A shago kuma kada a yarda da wadda ke rataye a ƙusa a matsayin shaida, wannan zaɓaɓɓiya ce. A sa yaron shago ya buɗe kwalin da za a ba ka, a zaro goma daga wurare daban-daban, a shafa gefensu da yatsa don jin kaifi, a ja kowane zobe. Idan biyu cikin goman suka gaza, a nemi wani kwalin.